Gwangwani Biyu da Saƙon da Na Ƙara wa Gishiri

A gidanmu ni ce waya. Ba wai wayoyi muka rasa ba, a Guangzhou ta ƙasar Sin muke zaune, garin da ko tuntuɓe mutum ya yi a kan waya zai faɗa. Abin da ya sa shi ne Yaya ɗan fari ne, Baba da Umma kuwa suna yi masa kunyar nan ta ɗan fari, wadda suka taho da ita daga Kano a cikin akwati ko yamutsewa ba ta yi ba. Ba sa kiran sunansa, ba sa zama su yi hira da shi. Yaya zai durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa yana kallon fanka kamar ita ce ta gaishe shi. In akwai magana, sai a ƙwala mini kira.

"Auta, ki ce wa wancan ya sayo burodi in zai dawo."

Ni kuwa Allah ya yi ni ba na iya kai saƙo lami. Kafin in ƙarasa wurin Yaya burodi ya zama shari'a. Sai in tsuke fuska, in kumbura murya irin ta Baba, in ce, "Baba ya ce in ka kuskura ka dawo babu burodi, kada ka tsaya a gida, ka wuce filin jirgi kai tsaye." Yaya ya san halina. Yakan ja kunnena ya ce, "Cire gishirin ki ba ni naman." Sai in faɗi na gaskiyar, mu yi dariya, a wuce.

Baba yana da ofis a benen Tianxiu. 'Yan kasuwa daga gida su faɗi abin da suke so, ya nemo, ya sa a kwali, ya loda a kwantena. Tun da Yaya ya gama makaranta tare suke aikin, har ranar da shi da wasu abokansa suka ce hanyar dattawa ta yi nawa. Su za su riƙa shiga manyan shagunan tufafi na Guangyuan da waya a hannu, suna nuna wa matan Kano kaya kai tsaye, wadda ta ga abin da take so ta yi magana nan take. Suka kama ɗaki a Panyu, inda haya ta fi sauƙi. Baba bai so ba, kwana uku yana jujjuya cokali a abinci, amma bai hana ba.

Ranar tafiyar, ni na raka Yaya tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ina sa takalmi Baba ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Ki ce wa wancan Allah ya sa albarka. Ya riƙa zuwa cin abinci ranar Juma'a."

Saƙo ne mai kyau, ko makaho ya shafa ya san haka. Amma muna tsaye a tasha shaiɗanin nan nawa ya motsa. Na ɗaure fuska, na ɗaga yatsa, na ce, "Baba ya ce tunda ka girma ka fi ƙarfin ofishinsa, kada ya ƙara ganin ƙafarka a gidansa. Ko inuwarka ce ta leƙo, zai sa a kore ta da tsintsiya."

Na tsaya ina jiran a ja kunnena. Ba a ja ba. Yaya ya kalli ƙasa. Jirgi ya iso, mutane suka turo mu, ya karɓi jakarsa daga hannuna.

"Ki ce masa na ji," in ji shi, ƙofa ta rufe.

Ina da waya, layi ɗaya zan rubuta komai ya wuce. Na ce bari ya kwana da shi, gobe in faɗa masa mu sha dariya. Washegari Umma ta ce in kwashe kayana in koma ɗakin Yaya, ɗaki mai taga, ni da na shekara biyar ina kwana a wani lungu da in na yi miƙa sai na gaisa da bango biyu. Na ce to, jibi. Ranar Juma'a Umma ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ƙara kwano ɗaya. Aka jira har tuwon ya yi sanyi.

"Auta, kin faɗa masa kuwa?" in ji Baba.

"Na faɗa. Ya ce ya ji."

Daga ranar ƙaryar ta fito da haƙora, ta fi ƙarfina. Yaya ya sauya masallacin Juma'a don kada su haɗu. Baba ya ɗauka girman kai ne, kunya kuma ta hana shi nema. Umma tana ƙara kwano kowane mako, tana ɗauke shi yadda ta ajiye shi. Yaya yakan rubuto mini, "Baba ya huce?" Ni da tsoro ya cika wa ciki sai in amsa, "Da sauƙi dai." Wata uku aka yi a haka, har Baba ya daina cewa wancan ma.

Ana cikin haka, lokacin hutun makaranta, lokacin da zafin garin nan yake dafa mutum da tururi kamar dambu, wata mata da muke kira Madam ta zo ofis. Baturiya ce tsohuwa, doguwa siririya, gashinta fari fat, ta rungumo wata jaka kamar jariri. Wani ɗan Kano da ke zaune a ƙasarsu ne ya haɗa ta da Baba. Turancin Baba na ciniki ne, ya san nawa, ya san yaushe, ya san babu ragi, daga nan ya ƙare. Ni ce mai Turancin makaranta da Sinanci, don haka aka ba ni kujera.

Ta buɗe jakar ta fito da wata na'ura mai kamar tsohuwar rediyo, da allura a cikin gilashi, da wayoyi biyu, kowace a maƙale da gwangwani irin na madara amma babu rubutu. Irinta take so a ƙera mata guda goma sha biyu.

Baba ya ja kujerarsa baya kaɗan. "Auta, tambaye ta, ba dai na duba ba ne ko?"

Ta yi dariya ta ce na addininsu ne. Wani marubucin labarai ne ya kafa shi a Amurka. Sun yarda mutum ruhi ne da ya daɗe yana sauya jiki kamar riga, kuma baƙin cikin da ya taɓa sha yana nan maƙale da shi. Sai mutum ya zauna ya riƙe gwangwanayen, wani yana yi masa tambayoyi yana kallon allurar, inda ta motsa a nan za a tona. Abin hawa-hawa ne kamar azuzuwan makaranta, ka gama wannan a ce saura na sama. Akwai ma waɗanda suke ba da rayuwarsu gaba ɗaya ga ƙungiyar, har da kaki irin na ma'aikatan jirgin ruwa. Ita ta shekara talatin a ciki, sannan ta saɓa da shugabannin ta fita. Koyarwar dai ba ta bari ba. Ita da wasu da suka fita suna haɗuwa a falonta suna ci gaba da abinsu, amma uwar ƙungiya ba ta sayar wa irinsu na'ura, shi ya kawo ta Sin.

"Su nawa ne a falon?" in ji Baba.

Ta ce da su goma sha huɗu ne, uku suka ɓalle, don sun ce sauran sun yi wa littattafan farko ƙari.

Baba ya yi dariyar da na kwana biyu ban ji ba. "Waɗanda suka ɓalle, su ma an ɓalle daga cikinsu? Ashe ba unguwarmu kaɗai ake raba masallaci ɗaya gida uku ba. To, addininta nata, namu namu. Gwangwani da waya dai ban ji wanda ya haramta ba."

Muka kai na'urar wata ƙaramar masana'anta a Panyu. Mai wurin, wanda kowa ke kira laoban, wato maigida, ya jujjuya gwangwanin, ya leƙa ciki, ya shinshina, ya tambaye ni ina madarar. Duk abin da Madam ta tambaya sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu. Da ya gama babu ɗinsa kaf, sai ya ce mu dawo bayan mako guda mu ga samfur.

A cikin makon nan Madam ta zama 'yar ofis. Ta koyi shan shayin Baba mai citta, tana sha tana hawaye tana cewa da daɗi. Wata rana ta tsaya gaban hotonmu na sallah da ke bango, ta nuna Yaya ta tambayi Baba wane ne wannan.

Baba ya kalli fanka.

Ta sake tambaya, ta ce ɗanka ne? Mene ne sunansa?

Baba ya shiga gyara takardun da ba su da laifin komai. Na ga fuskar Madam ta sauya. Ta zauna a hankali, ta ce in tambaye shi wa ya umarce shi.

"Umarnin me?" in ji Baba.

"Umarnin yanke hulɗa da shi," na ce. "Ta ce wai shugabanninku ne suka ce ka daina kiran sunansa?"

Kafin ya amsa ta ciro wata takarda daga jakarta, duk ta tsufa a wurin ninki. Ta ce ita ma tana da ɗa guda ɗaya, a cikin ƙungiyar aka haife shi, can ya girma, can matarsa take da aikinsa da abokansa duka. Da ta fita, aka sanar cewa ita mai cutar da tafiyar ce, duk wanda yake son zama a ciki sai ya rabu da ita. Wannan takardar ce ɗan ya aiko. Layi huɗu ne. Ya ce kada ta kira, kada ta rubuto, yana mata fatan alheri. Shekara shida ke nan.

Ina fassarawa muryata tana ƙanƙancewa. Da na gama Baba ya ce, "Subhanallahi. Gaya mata namu ba haka ba ne. Kunya ce. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba don ƙi ba. Don ya fi kowa ne ma ake ɓoyewa."

Na faɗa mata. Ta yi ta jinjina kai, abin ya ɗaure mata kai. Sai ta ce, in ba ka yi masa magana, ta yaya yake sanin kana son sa?

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ga ta nan. Ita take kai masa."

Madam ta juyo ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce yarinya, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Ta ce ita da za ta sami mutum ɗaya tak da zai tsaya gaban ɗanta ya faɗa masa magana ɗaya daga bakinta, yadda ta faɗe ta, da ta je wurinsa ko da rarrafe ne. Wannan ban fassara wa Baba ba. Na ce ta ce shayin ya yi daɗi. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba, ni da aka sani da cinye nawa in leƙa na maƙwabci.

Ranar ganin samfur mu uku muka tafi. Laoban ya ajiye sabuwar na'urar a kan tebur yana washe baki, tana ta ƙyalli. Madam ta ce ana bukatar wanda zai riƙe gwangwanayen a gwada. Laoban ya ce hannunsa da maiƙo. Baba ya sa hannayensa biyu a aljihu ya shiga karanta kalandar bango, shi da ko harafi ɗaya na Sinanci bai sani ba. Saura ni.

Madam ta riga ta faɗa mini tun farko cewa na'urar ba ta kama maƙaryaci. Amma wa zai yarda? Ni dai na san abin da ke cikina, na kuma ga allura. Na zauna, na yi bisimilla, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Gwangwanayen sanyi ƙalau, tafin hannuna kuwa yana zubar da gumin da zai isa a wanke mota.

Ta ce in saki jiki, tambayar gwaji ce kawai. Ta tambaye ni ko na karya da safe. Na ce e. Allura ba ta motsa ba. Ta tambayi launin da na fi so. Na faɗa. Allura tana nan kwance. Ni kuwa na tabbata lamo ta yi, ƙarfi take tarawa, irin kwanciyar kyanwa a bakin ramin ɓera. Madam ta ɗan ɗaure gira tana kallon gilashin, ta ce bari ta yi wadda takan motsa kowa.

"Akwai abin da kika ɓoye wa wani?"

Ban jira allura ta tona ni ba. Na fashe da kuka, na juya wajen Baba da gwangwanaye a hannu, na zazzage komai da Hausa: tasha, tsintsiya, inuwa, ɗaki mai taga, da sauƙi dai ɗin da nake rubuta wa Yaya. Ko numfashi ban tsaya ja ba. Ma'aikata suka bar injinansu suka zo kallo. Madam ba ta ji ko kalma ɗaya ba, sai kallon Baba take tana kallona.

Ina cikin sharɓar hanci laoban ya daki goshinsa, ya ruga ciki, ya dawo da wani abu a tafin hannu yana ta ba da haƙuri. Batir ne. Ba a sa wa na'urar batir ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige har Kano. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya cire hularsa, ya kalli cikinta, ya mayar.

"Wata uku," in ji shi. "Yaron nan yana can yana ganin na kore shi."

"Baba, ka yi haƙuri, wasa na..."

"Kin san gidan?"

Na sani, tasha biyu ce daga masana'antar. Na yi wa Madam bayani a gurguje, da Turancin da kuka ya jiƙa. Na zaci za ta tsane ni. Sai ta ɗauki jakarta ta ce batir zai iya jira, ita ma za ta, in Baba ya yarda. Baba ya ce ta zo.

Gidan hawa shida ne, babu lif. Baba, wanda gwiwarsa take ƙara in ya tashi daga sallaya, shi ne a gaba. A hawa na huɗu ya tsaya ya dafa bango yana haki, na ce ya huta in je in kira Yaya.

"Ke da kai saƙo ai sai a lahira," in ji shi, ya ci gaba da hawa.

Yaya ne ya buɗe ƙofa, da singileti, da cokali a hannu. Ɗakin cike da riguna a leda har rufi, ga tukunyar taliya a ƙasa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Da ya ga Baba cokalin ya faɗi. Ya durƙusa a nan bakin ƙofa ya gaishe shi.

Baba ya amsa. Na ga idonsa yana yawo yana neman abin kallo, ɗakin kuwa ko fanka babu a sama. Ya juyo wajena bisa sabo.

"Auta, ki ce wa..."

Ya tsaya. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi Madam da ke maƙale a jikin bango ta toshe baki da hannu. Sannan ya sauke ido a kan Yaya, kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Ban kore ka ba," in ji Baba. "Albarka na sa maka. Wannan ja'irar ce ta juya maganar."

Yaya ya ɗago a hankali ya dube ni. Na matsa bayan Madam, don ita ce mafi tsawo a wurin.

"Auta," in ji shi, "wata uku? Ina ta cin taliya da manja wata uku saboda ke?"

"Ai kai ma ba ka ce in cire gishirin ba."

"Zo nan. Wallahi zo nan."

"Baba, ka ga zai dake ni a gaban baƙuwa!"

"Ni ban ga komai ba," in ji Baba, ya zauna a kan wani ƙullin riguna yana murza gwiwa. Ya ɗaga wata doguwar riga ya duba ɗinkin ciki da bakin hannu, kamar yadda yake yi wa kayan mutanensa. "Nawa suke ba ku wannan?"

Yaya ya faɗa, kansa a ƙasa.

"An cuce ku. Akwai wani a hawa na uku a Guangyuan, can ƙarshen layi, gobe ka zo ofis in haɗa ku."

Maganar ta fito a karkace, rabi ga Yaya, rabi ga rigar, amma ta isa inda aka aike ta. Yaya ya shiga share ido da gefen singileti yana cewa tururin taliya ne. Kunnena kuwa ya sha ja, har yau ina ganin na dama ya fi na hagu tsawo.

Madam tana ta hawaye tana murmushi. Baba ya lura da ita, ya kira ni.

"Gaya mata, kuma saura ki ƙara ko wasali. Ta ci gaba da rubuta masa, ko ba ya amsawa. Ɗa yana jin uwarsa ko ya toshe kunne. In kuma akwai wanda zai kai, ta zaɓi mai hankali, ba irinki ba."

Na faɗa mata duka, har da ba irinki ba ɗin. Ta yi dariya ta goge fuska, ta ce akwai wata ƙanwar mijinta da ba ta taɓa shiga ƙungiyar ba, yaron yana gaishe ta lokaci-lokaci, ita ce dai take jin nauyin roƙonta. Ta ce in ta koma za ta je ta same ta.

Yaya ya sa riga ya sauke tukunya, ya ce zai raka mu. A matakala ya karɓi jakar Baba, ya riƙe masa gwiwar hannu, suka yi gaba suna sauka a hankali. Ni aka bari a baya da jakar Madam. A hawa na biyu wayata ta yi ƙara, Umma ce, tana tambaya me ya tsayar da mu. Na ce muna tafe, mu huɗu ne, ta ƙara shinkafa.

"Ku huɗu da wa?"

"Da Madam, da wancan."

Sai ta ce, "Auta, in wannan ma irin naki ne, sai na karya ki."

Na miƙa wa Yaya wayar ta saman kafaɗarsa, na ce ya yi mata sallama da kansa.